Matakan Goyon Bayan Na'urori a Node.js

Node.js, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen JavaScript a wajen burauza, tana da fayil mai suna BUILDING.md a ma'ajiyarta ta GitHub. A nan aka rubuta yadda ake harhaɗa ta daga tushe, da irin na'urorin da masu kula da ita suka ɗauki alhakinsu. An kasa na'urorin mataki uku. Idan gwaji ya gaza a mataki na ɗaya ko na biyu, ba a fitar da sabon zubi sai an gyara. Na ukun, matakin gwaji, ko ya lalace ba ya hana fitarwa. Python ta shigar da irin wannan tsari cikin takardarta ta PEP 11 a 2022, Rust ma tana da nata.

Babban dalilin wannan ɗabi'a shi ne ƙarancin hannu. Kowace na'ura da aka yi wa alkawari tana buƙatar kwamfutar gwaji da ke aiki dare da rana, da mutumin da zai duba ta idan ta samu matsala. Shi ya sa Python ta gindaya sharaɗin cewa na'ura ba ta hawa mataki na biyu sai da aƙalla mutum biyu cikin manyan masu haɓaka ta da suka tsaya mata. Ga kuma injin V8 na Google, wanda Node.js ta dogara da shi, yana yawan neman sababbin kayan harhaɗawa, tsofaffin tsare-tsare kuma ba su da su.

Amfanin a fili yake: kamfani zai san inda ya tsaya kafin ya zuba kuɗinsa. Amma rubuta iyaka yana sauƙaƙa yanke ta. Da Node.js 18 ta fito a 2022, zubinta na Linux ya buƙaci glibc 2.28, sai masu sabar CentOS 7, mai ɗauke da 2.17, suka ga manhajar ta ƙi tashi. Wannan nauyi ya fi faɗawa kan waɗanda ba su da halin sabunta kayan aikinsu.

Zaɓuɓɓukan harhaɗawa ma ba ƙaramin abu ba ne. Zubin da aka haɗa da zaɓin small-icu Ingilishi kaɗai ya sani wajen rubuta kwanan wata da lambobi. Tun Node.js 13 a 2019 aka mayar da zaɓin full-icu, mai ɗauke da sauran harsuna, abin da ke zuwa kai tsaye, don haka shiri zai iya nuna Litinin ko Janairu da Hausa ba tare da ƙarin bayanai ba. Wanda ya harhaɗa nasa zubin don rage nauyi zai iya rasa wannan bai sani ba, in dai bai karanta BUILDING.md ba.