Shin Ko Kun San Yadda Danshi Ke Tafiya Cikin Katanga?

Shin ko kun san cewa:

• Ta hanya uku ruwa ke shiga katanga: ruwan saman da iska ke watsa mata, danshin da ke hawowa daga tushe, da tururin girki da numfashin masu kwana a ɗaki?

• Danshin ƙasa na hawa ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, yadda kananzir ke bin lagwani, har ya kai kimanin mita 1? Shi ya sa a garuruwan bakin fadamar Rima, irin su Wurno da Goronyo, gindin katanga ne ke fara zaizayewa. Farin garin da ke fitowa a wurin gishiri ne da ruwan ya bari bayan ya bushe.

• Tun wajen 1959 wani Bajamushe, Helmut Glaser, ya fito da hanyar lissafa tafiyar tururi cikin bango, sai dai lissafinsa bai kula da ruwan sama ba?

• A tsakiyar shekarun 1990 cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta fitar da manhajar kwamfuta mai suna WUFI, bisa binciken Hartwig Künzel? Ana ba ta kaurin bango, irin kayan ginin, da yanayin gari sa'a bayan sa'a: zafi, laima, ruwa, iska da rana. Ita kuma sai ta nuna inda ruwa zai taru, da lokacin da zai fita, shekaru kafin a ɗora tubali ko ɗaya.

• Katangar ƙasa na shan danshi da damina, mafi yawa a watan Agusta, ta sake shi da hunturu? Idan aka shafe ta da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ta tushe ba ya samun mafita. Sai ƙasar ta jiƙe daga ciki, shafen ya ɓamɓare.

• Maginanmu sun daɗe da sanin maganin? Yaɓen makuba na ɓawon ɗorawa yana tare ruwan sama ba tare da ya toshe fitar danshi ba, indararo kuma yana jefa ruwan rufi nesa da tushe. Bangon gabas, inda hadari ke tasowa, shi suka fi ba kulawa.

Don haka kafin damina ta faɗi, a gyara indararo, a cike gindin katanga yadda ruwa zai gangara waje, a kuma yaɓe ginin ƙasa da abin da zai bar shi ya bushe.