Yadda Za Ka Tsare Gidanka Daga Ɓarayi

Idan kaka ta yi, rumbuna sun cika, an kai gyaɗa da waken suya kasuwa, kuɗi sukan shigo hannun manoma. To, jama'a, ba manomi kaɗai ke jiran wannan lokaci ba. Ɓarawo ma yana nan yana nasa lissafin.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, ɓarawo ba ya faɗa wa gida da ka. Kafin ya zo da dare, ya riga ya zo da rana, ko shi da kansa ko wanda ke kai masa labari. Ya san ɗakin da maigida ke kwana. Ya san inda ake ɗaure tumaki. Ya san ranar da aka sayar da sa. Wa ya gaya masa? Sau da yawa mu ne da bakinmu. Mutum zai sayar da sa a kara, ya zauna a teburin mai shayi yana ƙirga kuɗin a gaban kowa. Uwargida za ta ɗauki adashi da safe, kafin la'asar duk unguwa ta ji. Baƙo zai tsayar da yaro a ƙofar gida ya ce, "Babanka na nan?" Yaro ya ce, "A'a, ya tafi cin rani Legas, sai damina." Shi ke nan, an ba da gida.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Akwai ɓarawon da ke haura katanga, akwai kuma ɓarawon zaune, wanda ba ya zuwa ko'ina, sai dai ya nuna hanya, a kawo masa rabonsa. Ba cewa muka yi ka riƙa zargin maƙwabcinka ba. Abin da muke cewa shi ne ka rage bayani. Cinikinka, da tafiyarka, da abin da ke cikin akwatinka, ba labarin dandali ba ne. A koya wa yara su ce wa baƙo, "Bari in yi maka magana da manya."

Kuɗi masu yawa kuma ba su da wurin kwana a gida. Ƙarƙashin katifa, cikin tukunya, cikin jinkar ɗaki, duk ɓarawo ya san su, don nan kowa ke ɓoyewa. In ma ɓarawo bai zo ba, akwai gara, akwai gobara. Gara a kai banki. Wasu na tsoron kada banki ya rushe da kuɗinsu. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai suna NDIC wadda ke ba da inshora kan kuɗin masu ajiya. A shekarar 2024 ta ƙara yawan abin da take biyan kowane mai ajiya, idan babban banki ya rushe, zuwa Naira miliyan 5. Sai dai lambar sirrin katinka taka ce kai kaɗai. Kada ka faɗa wa mai POS ya danna maka, kada kuma ka rubuta ta a jikin katin.

Zagaya gidanka da idon ɓarawo

Ɓarawo yana ƙin abu uku: haske, da ƙara, da abin da zai ɓata masa lokaci. Duk gyaran da za ka yi wa gida, cikin ukun nan yake.

Ka fita da rana ka zagaya bayan gidanka. Ka tambayi kanka, da ni ne ɓarawon, ta ina zan shiga? Za ka yi mamakin abin da za ka gani. Ga inda ruwan damina ya zaftare katanga, an ce za a gyara, har yau ba a gyara ba. Ga tarin itace an jingina da bango kamar matakala. Ga reshen dalbejiya ya ratso cikin gida. Ga tsani an bar shi a waje tun ranar da aka yi yaɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka duba gindin katanga da kyau. Ginin ƙasa ba sai an haura shi ba. Ɓarawo yakan jiƙa gindin da ruwa ya yi laushi, ya haƙa a hankali ba tare da ƙara ba, musamman ta bayan rumbu ko ɗakin ajiya. Saboda haka a riƙa yin yaɓe a kan kari. Wanda gidansa danga ce ko darni, ya dasa aguwa ko cini-da-zugu a kewaye, ya jibga ƙaya ta baya.

Akwai wani kuskure da muke yi da damina. Mukan shuka dawa ko masara har jikin katanga. Idan suka yi tsawo, mutum goma sai su ɓuya ciki ba wanda ya gan su. Gara a shuka gyaɗa ko wake a kusa da gida, a tura masu tsawon can gaba. Kuma a sani, daren da ake ruwa yana dukan kwano, shi ne daren da ɓarawo ya fi so, don ba mai jin motsinsa.

Sai maganar ƙofa. Mutane da yawa sukan sayi babban kwado su ce sun gama. Na taɓa zuwa jaje gidan wani ɗan'uwana da aka kwashe masa buhunan masara. Kwadon yana nan a kulle, ko ƙwarzane babu. Ƙarfen da aka rataya shi a jiki aka ɓamɓare, don da ƙananan ƙusoshi aka kafa shi a kan ruɓaɓɓen katako. Ƙarfin kwado bai wuce ƙarfin abin da ke riƙe da shi ba. Ka sa kafinta ya huda ƙyauren, ya ɗaure ƙarfen da noti ta ciki. A sa sakata biyu, sama da ƙasa, a ƙara da itacen tokarewa. Idan makulli ya ɓace, a canza kwadon, kada a ce ai zai fito. Masu sa ƙarfe a taga kuma su tuna da gobarar hunturu: kowa a ɗakin ya san inda makulli ke kwana, ya iya lalubo shi cikin duhu.

Haske yanzu ya yi sauƙi. Akwai fitila mai aiki da hasken rana, wata ma sai ta ji motsi take kamawa. Ɗaya a zaure, ɗaya wajen turken dabbobi. A ɗaga ta sama inda hannu ba ya kaiwa. Ƙara kuwa, kare ya iya aikinsa, zabi ma ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru. Rataya wa akuya ɗaya ƙararrawa, a ɗaura gwangwanaye a bayan ƙyauren garke. Babur a shigar da shi ɗaki, a sa masa sarƙa.

Idan sun riga sun shigo

Duk wannan ba zai wadatar ba in ba maƙwabta. Ku zauna da mai unguwa ku shirya alamar da kowa zai gane, ko usur ko buga ƙarfe. Ku karɓi lambar wayar juna, da ta 'yan sintiri, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. A Nijeriya akwai lambar neman agajin gaggawa, 112, kuma kiranta kyauta ne. Ranar kasuwa ko ranar biki, kada unguwa ta watse gaba ɗaya, a bar manya biyu ko uku.

Amma a bambanta ɓarawo da ɗan fashi. Ɓarawon akuya, ihu ɗaya ya ishe shi. Wanda ya zo da bindiga kuwa, kada ka yi kokawa da shi, kada ka haska masa tocila a fuska, kada ka nuna ka gane shi. Ka ba shi abin da ya nema. Ana mayar da saniya, ba a mayar da rai. In ka ji motsi a waje, kada ka buɗe ƙofa ka fita kai kaɗai. Ka yi alamar da kuka shirya daga cikin ɗaki.

Idan kuma an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Dukan taron dangi laifi ne a doka, kuma sau da yawa mara laifi yake faɗawa. Ba mu manta da abin da ya faru a garin Uromi na Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta masu komawa gida Arewa, bisa zargi kawai.

Wanda aka yi wa sata kada ya yi shiru. Tun da asuba a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, kafin ƙafafun jama'a su shafe sawu. A aika wa sarkin pawa da dillalan kasuwannin kusa, don kayan sata ba sa daɗewa a hannun ɓarawo. Mai sayen kayan sata ma doka ba ta bar shi ba, don haka in aka kawo maka rago da rabin kuɗinsa cikin dare, ka san abin da ake sayar maka.

A nan ne ɗan littafi da biro za su yi maka rana. Tun yau, ka rubuta lambar injin babur ɗinka da lambar jikinsa, ka adana rasit. Ka rubuta launin kowace dabba da shaidar da ke jikinta. Wayarka ma tana da lambarta ta musamman. Danna *#06# za ta fito a fuskar wayar, mai lambobi 15. Kwafe ta a littafin, ka ajiye shi a wani wuri dabam, ba cikin akwatin da kake ajiye kuɗi ba.