Senegal: an gano abin da ya riƙa ƙone fatar masunta a teku

A watan Nuwamba na 2020, daidai lokacin da hankalin duniya ke kan korona, ɗaruruwan masunta suka dawo gaɓar Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, da ƙuraje a fuska da leɓe da hannuwa, wasu har a al'aura. Ga jan ido, ga zazzaɓi da ciwon kai. Aka killace su, aka kai samfuri Cibiyar Pasteur ta Dakar, ba a samu wata ƙwayar cuta ba. A 2021 ciwon ya sake dawowa, adadin waɗanda ya taɓa a shekarun biyu ya haura 1,000.

Jita-jita ta cika gari. Wasu suka ce jiragen ruwa ne suka zubar da guba. Masu saye suka ƙaurace wa kifi, mata masu sayar da shi suka tafka asara, alhali ciwon bai kama waɗanda suka ci kifin ba, bai kuma bi masuntan gida ya kama iyalansu ba.

Sai a 2025 masu bincike na Senegal da Faransa suka wallafa amsar. Wata ƙaramar halitta ce, dangin gansakuka, wadda ido ba ya gani, mai suna Vulcanodinium rugosum. Idan ta yi yawa a ruwa takan saki dafin da ake kira portimine A. Dafin yakan shiga ƙwayoyin fata ya tsayar da aikinsu na ƙera furotin, sai garkuwar jiki ta tashi da ƙarfi, fata ta kumbura ta kwaile kamar an zuba mata ruwan zafi.

Nan ne aka fahimci dalilin da ya sa ciwon ya zaɓi masunta. Akasarinsu masu ragar da ake saki ta bi ruwa ne. Ragar kan tattaro halittar, su kuma su janyo ta da hannu ba safa, su share gumi da hannun, su wuni cikin jiƙaƙƙun tufafi a kwale-kwale.

An taɓa ganin irin wannan a 2015 a Cienfuegos ta ƙasar Kuba, inda masu wanka a teku, galibi yara, suka fito da ƙuraje. A Senegal kuwa, masunci ba zai bar teku ba, domin a can abincinsa yake. Abin da ke hannunsa shi ne safar hannu, da wanke jiki da ruwa mai tsabta da zarar ya gama jan raga.