Gargaɗi Kan Alluran Feftayid Na Rage Ƙiba

Jama'a, a yi hattara da ƙananan kwalaben nan masu farin gari da ake tallatawa a Instagram da TikTok da wuraren motsa jiki, waɗanda ake cewa a jiƙa da ruwa a soka a fatar ciki, wai tumbi zai narke. Sunayensu sun haɗa da AOD-9604, CJC-1295, ipamorelin da GHRP-6. Ana ce musu feftayid, kuma yawancinsu aikinsu shi ne su tunzura wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya riƙa sakin sinadarin girma fiye da yadda ya saba. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a matsayin maganin ƙiba.

Masu talla ba za su ba ku labarin AOD-9604 ba. Wani kamfani ne a Ostireliya, Metabolic Pharmaceuticals, ya ƙirƙire shi takanas domin rage ƙiba, ya gwada shi a kan mutane fiye da 500 har na mako 24. Da sakamako ya fito a 2007, waɗanda suka sha maganin ba su rame fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta ba, sai kamfanin ya watsar da batun. Abin da masu shi suka yar, shi ake sayar wa 'ya'yanmu da tsada. CJC-1295 kuwa, a 2006 aka dakatar da gwajinsa bayan ɗaya daga cikin waɗanda ake gwadawa a kansu ya rasu, kuma har yau bai zama maganin asibiti ba.

Akwai guda ɗaya, tesamorelin, da FDA ta amince da shi a 2010, amma ga masu ɗauke da cutar HIV waɗanda kitse ya taru musu a cikin ciki. Takardar maganin da kanta ta bayyana cewa ba na rage nauyi ba ne, kuma in aka daina kitsen yakan dawo. An haramta shi ga mai juna biyu da mai ciwon daji.

Illar waɗannan allurai da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta sukari. Sinadarin girma yana hana insulin aiki yadda ya kamata, alhali mai ƙiba da ma yana bakin gaɓar ciwon sukari tun kafin allura ta taɓa shi. Ga kumburin ƙafa da hannu, ga ciwon gaɓoɓi, ga yatsu su riƙa mutuwa da daddare. GHRP-6 ma yunwa yake tayarwa. Sannan sinadarin girma yana ƙara ƙaimi ga girman ƙwayoyin halitta, abin tsoro ga wanda ƙari ke ɓoye a jikinsa bai sani ba.

Ku duba jikin kwalbar: da yawa an rubuta da Turanci cewa don bincike ne kawai, ba don jikin ɗan Adam ba. Wato mai sayarwa ya riga ya zare hannunsa. Ba wanda ya tabbatar da tsabtar garin ko yawansa, ballantana in abokai suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, hanyar da ciwon hanta da HIV ke bi. 'Yan wasa su sani hukumar yaƙi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta duk waɗannan.

Wanda ya riga ya fara, don Allah ya dakata yau, ya ɗauki kwalbar ya je asibiti, ya faɗa wa likita gaskiya, a auna masa sukari da hawan jini. In numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko wurin allurar ya yi ja da zafi tare da zazzaɓi, kada a jira gari ya waye. A Najeriya, duk maganin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, kada a saya, a kai ƙarar mai sayar da shi ofishin hukumar da ke jiharku.