Mallakar Bindiga: Lasisi Kaɗai, Ko Har da Horo?

A watan Oktoban 2016 'yan bindiga suka afka wa garin Godogodo da ke ƙaramar hukumar Jema'a, suka kashe mutane da dama, suka ƙona gidaje. A jajibirin Kirsimetin shekarar kuma aka kai irin wannan hari Goska, kusa da Kafanchan. Tun daga lokacin, duk inda aka zauna ana zancen tsaro a Kudancin Kaduna, da wuya a tashi wani bai ce, "To, a bar kowa ya riƙe bindigarsa mana!" ba.

Maganar ba ta tsaya a bakin talaka ba. A watan Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ana ta ja-in-ja a kan a ba da ko a hana, amma ba a cika tambayar ko mai son riƙe bindigar ya iya riƙe ta ba.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ce, wato ta girmi 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu, irin bindigogin soja da masu sarrafa kansu, har da ƙaramar bindiga ta sokewa a ƙugu; shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, kamar bindigar toka, waɗannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarsu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka san shi da rashin kamun kai, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sharuɗɗan duk suna duba halin mutum da lafiyarsa ne. Babu inda suka ce sai ya yi kwas ko ya ci jarrabawa, alhali direban mota ma doka ta ce a gwada shi kafin ya hau titi. A watan Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai.

A Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin mallakar makami tun 1791, gardamar a kan horon take. Bayan hukuncin kotun ƙolin ƙasar na 2022 da ya sassauta yawo da bindiga, jihar New York ta ce mai son soke ƙaramar bindiga a jikinsa sai ya yi awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi. Fiye da rabin jihohi 50 kuwa sun ce ba sai da izini ba. Masu adawa da horon dole suna cewa kuɗin kwas da ɓata lokaci kan hana talaka haƙƙinsa. Masu goyon baya suna cewa kuskuren mai bindiga kan wani yake faɗawa. Afirka ta Kudu ta bi hanyar horon dole: dokarta ta 2000 ta ce sai mutum ya samu takardar shaidar ƙwarewa kafin ya nemi lasisi.

Tsarin mulkinmu bai ba kowa haƙƙin mallakar bindiga ba, amma hakan bai hana bindiga zama a ɗakunan mutane ba. Maharba suna da ita, 'yan banga suna da ita, manomin da ke kwana gadin cittarsa ko masararsa ma yakan ajiye tasa. To, me horon zai ƙara musu?

Na farko, kiyaye kai. Mai ɗura bindigar toka yakan zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya sa harsashi. In ya cika albarushin don ta yi ƙara, ko bututun ya ci tsatsa, tana iya fashewa a hannunsa ta tafi da yatsu. In ya dawo daga daji ya jingine ta bayan ƙofa a ɗure, yaro ɗan shekara bakwai ya isa ya ja kunama. Horo yana koya wa mutum ya ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, ya raba ta da harsashi wurin ajiya.

Na biyu, sanin lokacin da ba a harbi. Mai gadin dare ya ji motsi cikin masara, zuciya ta buga, ya saki wuta. Gari ya waye sai ga maƙwabci ne da ya fito neman akuyarsa. A yankin da manoma da makiyaya, Kirista da Musulmi, ke zaune cikin zargin juna, harsashi ɗaya na kuskure ya isa ya tayar da ramuwar gayya ta shekaru. Mutanen Zamfara sun ga yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba ya ƙara rura wutar rikicinsu. A watan Maris na 2025 ma, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta masu komawa Kano da bindigoginsu na gargajiya, aka yi musu taron dangi, mutum 16 suka rasu. Da masu taren sun san aikinsu, da ofishin 'yan sanda za su miƙa su a bincika.

Na uku, sanin doka. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai, amma da ƙarfi gwargwadon buƙata. A 2025 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi ɗan Adamawa da ya kashe wanda ya ce ya far masa da wuƙa a gona, bisa hujjar cewa ya riga ya ƙwace wuƙar kafin ya yi kisan. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce, amma ya nuna cewa "kare kaina na yi" ba ya wadatarwa a gaban alƙali. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi kuwa, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun.

Masu ƙorafi suna da tasu hujja. Mahari ba ya neman lasisi, ba ya zuwa kwas, kuma AK-47 yake riƙe da ita. In aka ce sai mutumin Godogodo ya tafi Kaduna ko Abuja ya biya kuɗi mai yawa, to lasisi ya zama na masu hannu da shuni. Wannan dalili ne na a kawo horon kusa, a sauƙaƙa shi: a yi shi a hedikwatar ƙaramar hukuma, da Hausa da harsunan yankin, ƙarƙashin 'yan sanda, tare da shaidar mai unguwa da hakimi, a rubuta sunan kowane mai bindiga da bindigarsa, a kuma sabunta takardar lokaci-lokaci.

Jihohi sun fara bin wannan hanya ta rundunoninsu. A 2023 gwamnatin Uba Sani ta tura mutum 7,000 horo a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna domin rundunar sintirin jiha. Katsina ta ƙaddamar da tata a watan Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a watan Janairun 2024. Saura mafarauci da manomi da ɗan bangan unguwa da ba sa cikin kowace runduna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsaron rayuka nauyin gwamnati ne, kuma babu horon da zai sauke mata shi. Amma duk ranar da Majalisar Tarayya ta zauna gyaran dokar 1959, ya kamata wakilan Kudancin Kaduna su nemi a rubuta a ciki cewa ba lasisi sai da horo, horon kuma ya zama wanda manomi zai iya biya.