YARO MAI TSORON LIKITAN HAƘORI

Ya ku masu gida da uwayen 'ya'ya, ga magana a kan ciwon haƙorin yara, da tsoron da ke hana a yi musu magani.

A ce ɗanka mai shekara 7 ya kwana yana kuka, hannu a kumatu. Da gari ya waye kuka shiga mota zuwa birnin Kano, kuka sauka Ƙofar Mata, kuka shiga Asibitin Murtala. Da yaro ya ga kujera da fitila da ƙarafa, sai ya datse baki, ya shiga shure-shure. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, ya ƙi. Kuka koma gida da ciwonku, kuɗin mota ya tafi a banza. Daga nan sai wani ya ce a ƙyale shi, ai zai yi famfara. To, nan ne kuskure yake.

HAƊARIN JINKIRI

Haƙoran farko guda 20 ne, na manya kuwa 32. Amma wajen shekara 6 akwai matauni huɗu da kan fito can ƙuryar baki, bayan na farko, ba tare da wani ya faɗi ba. Waɗannan na manya ne. In sun lalace babu waɗanda za su maye gurbinsu.

Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, su ke cin zaƙin da ya maƙale a baki, su fid da tsami mai rarake haƙori. In kogo ya kai ga jijiya sai mugunya ta taru, kumatu ya kumbura. Kumburin yakan gangara wuya har ya toshe numfashi, kuma yana kisa.

ISKAR DARIYA

Likitoci suna da dabarar kwantar da hankalin yaro mai tsoro. Wata iska ce, sunanta a wurinsu naitiros oksaid, amma an fi saninta da iskar dariya, don wanda ya shaƙe ta wani lokaci yakan yi ta murmushi. Ba sabon abu ba ce. Wani masani a Ingila, Joseph Priestley, shi ya gano ta cikin 1772. Cikin 1844 kuma wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta, ya sa aka cire masa nasa haƙorin, bai ji zafi ba. Tun daga lokacin likitocin haƙori suka san amfaninta.

Ga yadda a ke yi. Yaro zai kishingiɗa a kujera, a ɗora masa ɗan murfin roba a hanci, bakinsa a buɗe. Iskar tana fitowa daga tulun ƙarfe, gauraye da oksijin, watau iskar nan da rai ke dogara da ita. An ƙera na'urar yadda oksijin ba zai kasa kashi 30 cikin ɗari ba. Likita yana ƙara iskar kaɗan kaɗan, yana duban yaro. Cikin minti 3 zuwa 5 sai jikinsa ya saki, ya ji ɗumi, yatsunsa su ɗan yi tsam, tsoro ya gushe.

Ku lura, yaro ba barci ya ke yi ba. Idonsa biyu, yana jin magana, yana amsawa. Wannan daban ne da maganin barcin da a ke bayarwa a ɗakin tiyata. Iskar ba ta kashe zafi duka, saboda haka in za a cire haƙori ko a cike kogo mai zurfi, sai an yi 'yar allura a dasashi. Amma yaron da hankalinsa ya kwanta ba ya damuwa da ita sosai.

In an gama, sai a rufe iskar, a bar shi ya shaƙi oksijin zalla kamar minti 5. Iskar ba ta zama a jiki, ta numfashi ta ke fita. Jim kaɗan ya wartsake, ku kama hanyar gida. Kaɗan daga cikin yara sukan ji jiri ko tashin zuciya, wani ya yi amai, amma yakan wuce nan da nan.

Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba. Ku tambayi likitan haƙori a Asibitin Murtala, ko a Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya. In ma ba ta samu ba, likita yana da waɗansu dabaru. Kuma wannan iska a hannun likita kaɗai ta ke da amfani. Shaƙarta don wasa yana lalata jijiyoyi.

ABIN DA ZA KU YI

1. Kada ku riƙa tsorata yaro da allura ko da likita in ya yi laifi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

2. Ku gaya masa gaskiya a takaice: za a duba haƙori, a raba shi da ciwo. Kada ku ba shi labarin wahalar da kuka taɓa sha.

3. Ku ba shi abinci mara nauyi, kamar koko, awa 2 ko fiye kafin a gan shi. Cikakken ciki shi ke kawo amai.

4. In yana mura, hanci ya toshe, iskar ba za ta shiga ba. Ku gaya wa likita. Haka kuma in yana ciwon kunne, ko tari, ko asma, ko sikila, ko yana shan wani magani.

5. Babban da yaro ya saba da shi ya raka shi. Mace mai ciki kada ta zauna a ɗakin sa'ad da a ke ba da iskar.

6. Bayan allura leɓe yakan mutu na 'yan awoyi. Ku kula kada ya cije shi, kada kuma a ba shi abu mai zafi sai ji ya dawo.

7. In kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, ko yaro ya kasa buɗe baki ko haɗiya, kada ku jira ranar kasuwa. Ku kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. A goge wa yaro haƙora safe da dare da buroshi da man goge baki, in babu a yi da asuwaki. A rage masa alewa da lemon kwalba. In kun ga baƙin tabo a haƙori, ku kai shi tun bai fara ciwo ba, don yaron da ya fara zuwa wurin likita ba tare da ciwo ba, da wuya ya ji tsoronsa.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabtansa. Allah ya ba mu lafiya, amin.