Gida ko waje: A ina matasan Turai suka fi gogewa a ƙwallon kwando?

Daren da aka yi zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2025, mu uku ne a ɗaki muka ƙi barci, mun yi cincirindo a kan waya ɗaya saboda tsadar data. Ana kiran sunan Egor Demin a matsayi na 8, sai ɗaya daga cikinmu ya daka tsalle. "Ka gani ko? Da ya tsaya Madrid, da har yau benci yake ɗumamawa!" Ɗayan ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, to Luka fa? Wace jami'a ya yi?" Har aka kira assalatu ba wanda ya sauko.

Wannan musun shi ake yi yanzu a manyan kulob-kulob na Sifaniya, Faransa, Sabiya da Lituweniya, sai dai su ba da wasa suke yi ba: yaro mai shekara 17 ko 18, ya zauna a inda aka raine shi ne, ko ya haɗa jaka ya nufi Amurka?

A Turai kulob ne ke rainon ɗan wasa. Tun yana ɗan shekara 12 ko 13 za a ɗauke shi, a ba shi wurin kwana da makaranta, a koya masa jifa, miƙa ƙwallo da tsaron gida. In ya yi ƙwazo, kafin ya cika 18 ya fara cuɗanya da magidanta masu neman abin kai wa iyali. A Amurka kuwa hanyar ta makaranta ce: sakandare, sai jami'a, inda zai kara da tsararrakinsa a ƙarƙashin hukumar NCAA.

Masu cewa a zauna gida suna da hujjoji masu nauyi. Nikola Jokic a kulob ɗin Mega na ƙasarsa Sabiya ya goge. Denver ta zaɓe shi a matsayi na 41 a 2014, lokacin ma ana tallar abinci a talabijin. Bai yi gaggawar tafiya ba, ya ƙara shekara guda, ya zama gwarzon gasar yankin Adriyatik. Daga baya ya lashe kyautar gwarzon NBA a 2021, 2022 da 2024. Shi ma Victor Wembanyama bai bar Faransa ba sai da San Antonio ta ɗauke shi a matsayi na 1 a 2023.

Luka Doncic kuwa, wanda aka fi kafa hujja da shi, labarinsa da ɗan murɗiya. Gaskiya ne bai taka jami'ar Amurka ba, ya ci kofin EuroLeague da kyautar gwarzon gasar a 2018 yana da shekara 19. Amma ai ba a gida ya girma ba. Yana ɗan shekara 13 ya bar Sulobeniya zuwa Real Madrid, ƙasar da ko yarenta bai iya ba. To shi a wane layi za mu sa shi, 'yan gida ko 'yan waje?

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba. Domantas Sabonis ya bar Unicaja ta Malaga ya yi shekara biyu a jami'ar Gonzaga. Lauri Markkanen ɗan Finlan ya yi shekara ɗaya a Arizona, aka zaɓe shi na 7 a 2017. Franz Wagner ya bar Alba Berlin zuwa Michigan, ya shiga NBA a 2021, bayan shekara biyu ya ci kofin duniya da Jamus. Zaɓen 2024 ma kamar da gangan ya raba gardamar biyu: na 1 Zaccharie Risacher ne, wanda ya taso a gasar Faransa; na 2 Alex Sarr, shi ma Bafaranshe, amma ya bi ta Madrid, Amurka da Ostareliya.

Da na jera sunayen nan a takarda, abin da na ga yana maimaita kansa shi ne mintunan da yaro ke samu a fili. Darko Milicic ɗan Sabiya, Detroit ta ɗauke shi na 2 a 2003, bayan LeBron James, gaban Carmelo Anthony da Dwyane Wade. Ya faɗa ƙungiyar da kofi take nema, ba ta da lokacin raino. A kakarsa ta farko wasa 34 ya buga, kowanne bai kai minti biyar ba a matsakaici. Detroit ta ci kofin 2004, shi kuma tauraruwarsa ba ta taɓa haskawa yadda aka zata ba.

Sai ka dubi Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Atina, wanda ya yi tallar kaya a titi yana yaro. Daga rukuni na biyu na gasar Girka Milwaukee ta ɗauko shi a 2013. A kakar nan wasa 15 kacal ƙungiyar ta ci cikin 82, ba abin da za ta yi asara in ta saka shi. Ya buga wasa 77, ya yi kurakurai son ransa, ba wanda ya zaunar da shi. A 2019 ya zama gwarzon NBA.

Wembanyama ya gane wannan lissafin da wuri. A 2022 ya bar ASVEL mai buga EuroLeague, ya koma Metropolitans 92, ƙungiyar da ba ta kai ta girma ba amma ta damƙa masa ragama. Nan ya zama gwarzon gasar Faransa. Aday Mara ɗan Sifaniya kuma ya bar Zaragoza zuwa jami'ar UCLA a 2023, ya sha zaman benci a shekararsa ta farko, daga bisani ya sauya sheƙa zuwa Michigan. Ashe tsallaka teku kaɗai ba ya ba mutum fili.

Matsalar manyan kulob ɗin Turai ita ce kocin da ya sha kashi sau huɗu a jere, kujerarsa ta fara rawa. Wa zai saka yaro ya koyi aiki a irin wannan hali? Ga kuma kuɗi da suka shigo. Tun Yulin 2021 NCAA ta bar ɗalibai su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, sannan a Yunin 2025 kotu ta amince jami'a ta riƙa biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara ga dukkan wasanninta. Ana cikin wannan sauyi Demin ya bar Real Madrid zuwa BYU, Kasparas Jakucionis ya bar Barcelona zuwa Illinois, Dame Sarr ma ya bar ta zuwa Duke. Yaron da aka yi wa tayin fili, kuɗi da karatu lokaci ɗaya, da wane baki za ka ce ya zauna?

Sai dai akwai wanda ke kwana a ciki. Kulob ya ciyar da yaro shekara biyar, ranar da ya nuna sai jami'a ta ɗauke, kuma da yake jami'o'in ba sa cikin tsarin cinikin 'yan wasa na FIBA, sau da yawa abin da kulob ke samu bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kulob-kulob suka gaji suka rage kashe kuɗi a kan yara, wa zai raini Luka na gaba har wata jami'a ta gan shi?

Ni dai inda na tsaya shi ne: shekarun koyon tushe, daga 13 zuwa 18, tsarin kulob na Turai ya nuna ya iya aikinsa. Bayan nan, kafin yaro ya sa hannu a kowace takarda, ya tambayi koci minti nawa zai buga, kuma me zai faru ranar da ya ɓarar da ƙwallo sau biyar. Abokina mai tsalle har yanzu bai yarda ba. Mun ajiye musun sai zaɓe na gaba, in Allah Ya kai mu.